Tcholliré a Ƙarshen Kaka: Maɗaci da Bununin Gamba

Mai son zuwa Tcholliré daga Garwa sai ya bi titin Ngaundere, ya wuce Ngong, in ya kai mararrabar Guidjiba ya karya hagu. Daga nan hanya ta shiga daji sosai, ta gefen gandun namun dajin Binuwai. Na bi ta a ƙarshen watan Oktoba, ruwa ya ɗauke bai fi mako biyu ba. Dama da hagu gamba ta fi tsawon mutum, kanta ya yi fari-fari, iska na kaɗa ta kamar ruwan Lagdo in ya tashi. Abin sha'awa ne ga ido. Hanci kuwa bai ce haka ba, don tun kafin mu hango dutsen garin rabin motar atishawa muke yi.

Tcholliré ita ce hedkwatar gundumar Mayo-Rey, ƙasar Lamiɗon Rey Bouba, kuma ta nan ake ratsawa zuwa gandun Bouba Ndjida. Ruwan sama ya fi na Garwa yawa, shi ya sa ciyawarta ta fi ƙarfi. Na sauka gidan kawuna, na tarar da gidan cikin damuwa. Jikansa ɗan shekara 7 ya yi kwana da kwanaki yana fama da fuka, numfashinsa na fito cikin dare, idanu jajur. Kawu ya riga ya yanke hukunci: tsohon maɗacin da ke ƙofar gida shi ne mai laifi, har ya yi magana da mai gatari.

"Ɗana, ku da kuka yi boko," in ji shi, "ba ku ne kuke ce masa caïlcédrat ba? To, na ji a rediyo cewa itacen cèdre ya hana mutanen Japan sakat."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, rediyo bai yi ƙarya ba, amma suna ne ya ja wa maɗaci."

Labarin Japan gaskiya ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun dasa wani itace mai suna sugi a kan duwatsunsu don samun katako. Da ya girma sai ya riƙa zubar da ƙurar fure daga Fabrairu zuwa Afrilu, har binciken 2019 ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 na ƙasar tana damunsu. A 2023 gwamnatinsu ta ƙudurta rage kashi 20 cikin 100 na dashen nan cikin shekara 10. Sun kuma lura cewa yanayi ne ke riƙe da linzamin abin: in zafin bara ya yi tsanani, furen bana ya yi yawa, ranar da ta fi muni kuwa ita ce mai rana da iska da ta biyo bayan ruwa. Amma sugi ba dangin maɗaci ba ne ko kusa. Shi iska yake ba wa amanar ƙurarsa, dole ya zubar da ita ba lissafi. Maɗaci kuwa ƙananan fararen furanni gare shi, ƙwari ne ke ɗaukar masa ƙurar daga fure zuwa fure, kuma sai wajen bazara yake fure. A Oktoba babu ko ɗaya a jikinsa. 'Ya'yansa masu fiffike kaɗai yake ba wa iska, su kuwa ba sa shiga ƙirjin kowa.

Washegari bayan asuba na ja Kawu zuwa bayan gida, inda gamba da kyasuwa suka kewaye gonar masara. Manomi ba ya bukatar a gaya masa mene ne bununi, ya san shi a kan gero da dawa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ciyawar daji ma tana yin nata, kuma irin na sugi ne, mai bin iska. Gamba ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wato daidai ɗaukewar ruwa. Na girgiza kai ɗaya, raɓa ce kawai ta zubo mini a hannu. Muddin akwai laima, 'yan jakunkunan da ke riƙe da ƙurar a rufe suke. Muka dawo da hantsi, rana ta shanye raɓar, na sake girgizawa a kan baƙin mayafi. Sai ga gari rawaya-rawaya ya kwanta a kai. Kawu ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba.

Daga nan sauran aikin na iska ne. Da rana zafi na ɗaga ƙurar sama, ta yi tafiya mai nisa. Da magariba in iska ta huce sai ta sauko, daidai lokacin da yara ke wasa a waje, ake kuma kwashe shanya. Yayyafi mai daɗewa yana wanke sararin sama. Hadari mai guguwa kuwa akasin haka yake yi, don danshi na fasa ƙwayoyin su zama ƙanana, su ratsa har cikin huhu. Haka ta faru a Melbourne ta Ostireliya ranar 21 ga Nuwamba 2016: hadari ɗaya a lokacin furen ciyawa ya kai dubban mutane asibiti, 10 suka rasu.

Kada mai karatu ya ɗauka da bushewar ciyawa an huta. Daga Disamba hunturu na kwaso farar ƙura daga kwarin Bodélé a arewacin Cadi, ga hayaƙin ƙunar daji a kai. Wannan ba bununi ba ne, amma ƙirjin da ya riga ya gaji ba ya bambantawa.

Abin da muka shirya a gidan kaɗan ne. Yaron ya je asibiti aka ba shi maganin shaƙa, aka nuna wa uwarsa yadda ake amfani da shi. Tagar ɗakinsu da ke fuskantar daji a rufe ta da hantsi da magariba, kayansa a shanya su a ɗaki, ya wanke fuska da hanci in ya dawo daga makaranta, a yayyafa ruwa kafin shara. Mai gatari da ya zo, Kawu ya miƙa masa lauje, ya nuna masa bayan katanga.

Ranar da zan koma Garwa, a inuwar maɗacin muka jira mota. Hazon farko ya soma rufe kan dutsen Tcholliré, can gabas kuma ana hango hayaƙin wutar daji.