Alhamzar da ta kulle littafin adashi

Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Mako biyu aka ce. Mako biyun ya yi ta miƙewa. An riga an rufe kasuwannin mako-mako, ga waya ta zama fitila da agogo kawai, ga hanyar Ƙaura Namoda ba ta biyuwa sai da addu'a. A cikin waɗannan kwanaki ne wayar wata uwar adashi a garin Zurmi ta suɓuce ta faɗa cikin bokitin wanki, ta mutu murus.

Asarar waya ba ita ce damuwar ba. A cikinta ne littafin adashin yake: sunan kowace mace, abin da ta zuba, wadda ta kwasa, wadda ke jiran layi, da wadda aka ɗaga wa ƙafa saboda an kore su daga ƙauye. A wani garin, irin wannan lissafi a littafin makaranta ake rubuta shi a jefa ƙarƙashin katifa. A Zurmi kuwa takardar da ke nuna wa ke da kuɗi a hannu, nawa ne, kuma wace rana zai karɓa, takarda ce da za ta iya jawo wa gida baƙin dare. Shi ya sa tun shekara guda kafin nan ƙanenta, autan gidansu, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ya hana ta rubutu a takarda. Ya sa mata wata manhaja mai kulle bayanai, ya ce ta zaɓi jimlar Hausa mai tsawo wadda ba za ta manta ba ta zama kalmar sirrinta, shi kuma kowace Juma'a yana kwafe kullallen fayil ɗin zuwa kwamfutarsa.

Saboda haka da labari ya iske shi, hankalinsa bai tashi ba. Ya buɗe kwamfuta, ya miƙa mata ta rubuta jimlarta. Manhaja ta ce ba daidai ba. Ta sake. Ya karɓa ya rubuta da kansa tana faɗa masa harafi-harafi. Shiru.

"Auta," in ji ta, "kuɗɗin mutane na hwa. In na ce musu littahi ya ɓace, wa za ya yarda?"

"Yi haƙuri, Yaya. Bai ɓace ba, ga shi nan. Ƙofar ce ta ƙi."

Ita ba ta ga bambanci tsakanin biyun ba, kuma tana da gaskiya. Masana tsaron bayanai kan ce aikinsu ƙafa uku gare shi: kada wanda bai dace ba ya gani, kada a sauya abin da aka ajiye, kada kuma mai abu ya rasa abinsa sa'ad da yake bukata. Ƙafa ta uku ita aka fi mantawa da ita, domin ba ta da ɓarawon da za a nuna da yatsa.

Ba intanet, ba wanda zai tambaya. Abu ɗaya ya rage masa. Manhajar buɗaɗɗiya ce, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya ɗauka ya karanta, ya gyara, ya mayar. Watanni kafin nan ya sauke rubutun gaba ɗaya a kwamfutarsa, don sha'awa kawai, ta hanyar Git, kayan aikin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wanda ke ba kowa cikakken kwafi da tarihin duk wani gyara, ko da sabis ko babu. Da manhajar ta wani kamfani ce mai rufe sirrinsa, da labarin ya ƙare a nan.

Dare uku yana karatu, gwargwadon cajin da farantin sola ya tara masa da rana. Abin da ya fara fahimta shi ne manhajar ba ta ajiye kalmar sirri a ko'ina balle ta kwatanta. Tana ɗaukar haruffan ne ta mayar da su lambobi, ta niƙa lambobin ta wani dogon lissafi, abin da ya fito shi ne makulli. In lamba ɗaya ta sauya a farko, makullin da zai fito ba zai yi kama da na ainihi ko kaɗan ba. Babu "ya kusa" a wannan sana'a. To, in jimlar daidai take amma makulli ya ƙi, ashe lambobin ne suka sha bamban. A nan ya tsaya ya dubi jimlar yayarsa da idon na'ura, sai ya ga alhamza.

Wannan ɗan ɗigo mai wutsiya da ke cikin "sa'a" da "jama'a" da "'ya'ya", Bahaushe abu ɗaya yake ganinsa. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, aƙalla uku ne ke amsa wannan suna. Akwai miƙaƙƙe, U+0027, wanda aka gada daga keken rubutu, shi ne kuma yake kan madannan kusan kowace kwamfuta. Akwai lanƙwasasshe, U+2019, wanda manhajojin rubutu kan musanya maka da shi don ado. Akwai kuma U+02BC, wanda shi ba alamar rubutu ba ne, harafi ne cikakke, an tanade shi ne domin harsuna irin Hausa da alhamza take baƙi a cikinsu. Wajen ajiya, na farko bayit ɗaya yake ci, na uku biyu, na biyu uku. Madannan Hausar da ya sa wa yayarsa a waya na ukun suke bugawa. Kwamfutarsa na farkon take bugawa. Ido ba ya rabe su, musamman a gurbin kalmar sirri inda kome ke fitowa ɗigo-ɗigo.

Ya shigar da harafin ta lambarsa. Littafi ya buɗe. Yayarsa ta yi hamdala, ta ƙirga sunaye, ta tashi ta ɗora tukunya.

Nan ne mafi yawan mutane za su tsaya, kuma ba za a ga laifinsu ba. Shi abin da ya hana shi barci shi ne lissafin sauran. Hausa ba ita kaɗai ke da alhamza ba. Ko a cikin Hausar ma, abin da Nijeriya ke rubutawa 'y, Nijar ƴ take rubutawa, ga ƙ da ɗ da ɓ da suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930 amma har yau madannai da yawa ba su san da su ba. Duk wanda ya bi shawarar masana ya zaɓi doguwar jimla a harshen uwarsa, yana iya faɗawa ramin nan. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017, ta ce a karɓi haruffan Unicode a kalmar sirri, a kuma daidaita su kafin a niƙa. Shawara ce mai kyau, sai dai daidaitawar da ake nufi tana haɗa harafi da wasalin da ke kansa ne da makamantan haka. Alhamzan nan uku ba ta taɓa su. Wanda bai taɓa rubuta "ma'aikata" a waya biyu daban ba, babu yadda za a yi ya lura.

Rubuta rahoton kuskure ya fi kama da ba da shaida a gaban alƙali fiye da kai ƙara. Mai kula da manhaja bai ga abin da ka gani ba, ba zai zo Zurmi ya gani ba, kuma wataƙila da dare yake wannan aiki bayan ya tashi daga wanda ke ciyar da shi. "Manhajarku ba ta aiki" ba ta amfane shi da kome. Abin da yake so shi ne hanyar da zai bi kuskuren ya faru a gabansa: wane zubi na manhajar, a kan wace na'ura, me ka danna, me ka zata, me ya fito. Autan ya rubuta nasa cikin layi kaɗan na Turanci mara ado. A ƙirƙiri fayil da kalmar "sa'a" mai harafin U+02BC, a gwada buɗewa da mai U+0027, za a ga an ƙi, kuma saƙon da ke fitowa ba ya nuna dalili.

Abin da bai rubuta ba ya fi abin da ya rubuta ɗaukar masa lokaci. Bai sa jimlar yayarsa ba, ko ɓangarenta. Bai ce littafin adashi ba ne. Bai ambaci garinsu ba, kuma da laƙabi ya sa hannu. Ya kuma tsaya ya auna ko rahoton na fili ne ko na sirri, domin a manhajojin tsaro akwai ladabi: in kuskure ƙofa ce da ɓarawo zai iya bi, ba a shelanta shi, ana sanar da masu kula a asirce a ba su lokaci su toshe. Rukunin Project Zero na Google kwana 90 yake bayarwa. Nasa kuskuren mai gida yake hanawa shiga, ba ya buɗe wa baƙo, don haka faɗarsa a fili ba za ta cuci kowa ba, za ma ta iya ceton wani da ke can yana zargin ƙwaƙwalwarsa.

Sai a farkon Oktoba, da aka maido da sabis a Gusau, ya samu aikawa. Ya bi motar Ƙaura, daga can ya wuce Gusau, ya zauna a shagon wani abokin karatunsa ya tura rahoton tare da facin da ya ɗinka, wato 'yan layukan gyara da yake roƙon a shigar. Facin mai sauƙi ne: kafin a niƙa kalmar sirri, a mayar da kowace alhamza miƙaƙƙiya. Ya koma gida yana jin ya biya bashi.

Da ya sake samun zuwa Gusau, ya tarar an karɓi rahoton, an ƙi facin. Wadda ta duba ta yi godiya, sannan ta yi masa tambaya ɗaya: mutanen da suka riga suka kulle fayilolinsu da ɗaya daga cikin sauran alhamzan biyu, me zai same su ranar da suka sabunta manhajar? Ya karanta, ya yi shiru. Makullinsu zai sauya. Abin da ya sami yayarsa da rana ɗaya, da facinsa ya aikata shi ga mutanen da bai sani ba, a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, kuma su ba su da autan da zai kwana uku yana tono. Ya ji zafin ƙin, ba shakka. Amma ƙin shi ne aikin. Manhajar tsaro da ke karɓar kowane faci don kada ran mai kawowa ya ɓaci, ba ta cancanci a ajiye mata ko lissafin cefane ba.

Tarihi ya nuna tsadar sakaci a nan. Kuskuren da aka sa wa suna Heartbleed, wanda aka bayyana a Afrilun 2014, 'yan layuka ne da wani mai ba da gudummawa da kyakkyawar niyya ya kawo wa OpenSSL a ƙarshen 2011. An duba, ba a ga cewa an manta auna tsawon wani saƙo ba, ya zauna sama da shekara biyu yana iya zubar da sirrin dubban ɗaruruwan na'urori. Sai a lokacin duniya ta farga cewa manhajar da bankuna da gwamnatoci suka jingina da ita, gudummawar kuɗin da take samu a shekara ba ta wuce dala 2,000 ba. Akwai wanda ya fi wannan muni. A ƙarshen 2021, daidai lokacin da autan ke zirga-zirga tsakanin Zurmi da Gusau, wani mai laƙabin Jia Tan ya fara aika wa manhajar XZ Utils ƙananan gyare-gyare marasa aibu. Ya yi ta haƙuri, har Lasse Collin, wanda ya daɗe yana ɗauke da aikin kusan shi kaɗai, ya ba shi amana. Sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa. Ranar 29 ga Maris, 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya tona asirin, bayan ya bi sawun jinkirin kusan rabin daƙiƙa da ya lura da shi wajen shiga wata na'ura.

Daga inda mai dubawa take zaune, autan da Jia Tan kamarsu ɗaya: laƙabi, ba fuska, ba gari, ga faci a hannu. Ɗaya ya ɓoye sunansa don kada a bi sawu zuwa ƙofar yayarsa, ɗayan don wata manufa. Ba ta da hanyar duba zuciya, layukan kawai take iya dubawa. Shi ya sa sabon mai ba da gudummawa da ya ga ana yi masa tambayar ƙwaƙwaf bai kamata ya ɗauka raini ba ne, ko don an ji Turancinsa na Afirka ne.

Facinsa na biyu bai taɓa makulli ba. In mutum zai ƙirƙiri kalmar sirri mai alhamza, manhajar za ta gargaɗe shi cewa harafin yana da siffofi da ke bambanta daga na'ura zuwa na'ura. In kuma buɗewa ta ƙi, kuma akwai alhamza a abin da aka rubuta, za ta ce a gwada sauran siffofin. An mayar masa da shi sau biyu, sau ɗaya don kalmomin gargaɗin sun yi tsawo, sau ɗaya don bai haɗa da gwaji ba. Kowace amsa tafiya ce ta mota a hanyar da direbobi ke tambayar na gaba ko lafiya kafin su wuce, har zuwa lokacin da sabis ya dawo Zurmi. A ƙarshe aka shigar. A cikin fayil ɗin gwaje-gwajen manhajar yanzu akwai kalmar "sa'a" sau uku a jere, kowace da alhamzarta.

Yayar ba ta sauya jimlarta ba. Ta ce ta saba da ita. A sabuwar wayar madannan da ta sani ya sa mata, ya kuma rubuta lambar harafin a bangon wani tsohon littafinsa na makaranta. Daga baya ya aika rahoto na biyu, a kan wayoyin da agogonsu ke komawa baya in batir ya mutu kuma babu sabis da zai saita shi, abin da ke sa lambobin shiga masu sauyawa duk daƙiƙa 30 su daina dacewa. Wani ya sa wa rahoton alamar cewa an tabbatar. Har yanzu yana buɗe, ba wanda ya ɗauka.