Ina Makina Ya Shiga?

Jama'a, wanda bai taɓa tsayawa gaban allon sanarwa ya bi layin lambarsa da yatsa ya tarar da fili fetal ba, to bai san faɗuwar gaba ba tukuna. Ni na sani, domin ya faru a kaina a zango na biyu na aji biyu, a darasin Ƙirar Kalma. Na yi gwaji, na miƙa jinga, na zauna jarrabawa har na nemi ƙarin takarda. Da sakamako ya fito sai aka ce wai ban zauna ba.

Bari in yi wa 'yan aji ɗaya lissafi, don su san nauyin abin. A tsarin da muke bi, A maki 5 ce, B 4, C 3, F kuwa sifiri. A ce ɗalibi ya ɗauki darussa masu nauyi 18 a zango, ya ci B a kowanne. Jimlarsa 72, a raba da 18, ya tashi da 4.00. To, in aka ɓatar masa da darasi ɗaya mai nauyi 3 aka lissafa shi sifiri, saura 60, watau 3.33. Alhali kuwa babbar daraja ta biyu daga 3.50 take farawa. Kuskuren alƙalami guda ya sauko da shi daga wannan bene zuwa wancan.

Na fara da malamin darasin. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, makina bai fito ba." Ya ce shi duk abin da ya duba ya miƙa, in ga jami'in jarrabawa. Jami'in jarrabawa ya ce abin da aka ba shi shi ya shigar, in rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashe. Na rubuta. Bayan mako biyu aka ce ba a ga takardar ba, in sake wata. Kai, har dariya ta kama ni: koken ɓatan maki ma ya ɓata!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kowa sai ya ce in kawo shaida. Wace shaida ke hannun ɗalibi? Takardar amsa tana wurinsu. Takardar da muke sa hannu a zauren jarrabawa tana wurinsu. Ni ba ni da komai sai rantsuwa, rantsuwa kuwa ba ta shiga kwamfuta.

Allah ya yi wa wani dattijon masinja na sashenmu albarka. Shi ya ce mini, "Yaro, bar yawo, roƙi a buɗe ambulan ɗin sa hannu." Aka buɗe, ga sunana ga sa hannuna. Aka zazzage ƙunshin takardu, sai ga tawa da maki 64 da jan biro. Ashe wajen kwafe lambata an mai da 0 ta zama 6, makin ya tafi kan lambar da ba ta kowa ba. Duk da haka sai da gyaran ya bi ta taron sashe, da na tsangaya, da Majalisar Dattawan Jami'a. Zango guda cur ina ɗauke da kari-oban da ban faɗi ba.

Ba na cewa malamai mugaye ne. Mutum ɗaya ya duba takardun ɗaruruwan ɗalibai, dole ido ya gaji. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai mu da rubuta lamba kamar tafiyar kaza, wani ma ya manta da ita ɗungurum. Amma me zai hana a kafe makin gwaji kafin jarrabawa, a kuma ba ɗalibi 'yar shaida a hannu lokacin da ya miƙa takardarsa?

Ni dai nawa ya zo da sauƙi, da yake a aji biyu nake. Wanda abin ya same shi a ajin ƙarshe, abokansa su tafi bautar ƙasa shi yana nan yana zirga-zirga a baranda. In kuwa jinkirin ya sa ya haura shekara 30 kafin ranar kammalawarsa, sai dai takardar yafewa. Yanzu haka akwai wani a ɗakinmu, tun bara yake neman makinsa na Ginin Jimla. Jiya ma an ce ya dawo ranar Litinin.