Kara a Hannu, Gari a Leɓe

Motar da ta ɗauko mu daga Maraɗi ta tsaya tashar Agye da hantsi, bakin babbar hanyar da ta nufi Damagaram. Direba ya sauka, ya tofar da baƙin miyau a gindin gawo, ya kurkure baki, sannan ya je wurin mai tebur ya sayi karan sigari ɗaya. Ashe tun daga Cadawa taba gari na cikin leɓensa, don fasinja ba sa son hayaƙi a mota. Na tambaye shi wacce ce tasa cikin biyun. Ya ce, "Malam, ta baki ai ta aiki ce, wannan kuwa ta hutu."

Maganar nan ta bi ni har Gazawa, garin da sai a 2011 aka cire shi daga Agye ya zama gunduma mai zaman kanta. A kasuwa na zauna kusa da wani dattijo mai sayar da taba gari, ga ƙullin leda ƙanana jere a faifai. Dakakken ganye ne da kanwa. Kanwar ce ke sa sinadarin nikotin ya ratsa fatar baki da sauri, shi ya sa masu saye ke tambayar "mai ƙarfi". Tsofaffi na sani da wannan ciniki, su da iyayenmu mata masu goga furen taba a haƙori bayan goro. Amma rabin waɗanda suka tsaya gaban faifan nan samari ne, ƴan kabu-kabu da masu dako, wasu da sigari maƙale a bayan kunne. Ɗaya ya ce mini, "Baba, ni na daina shan taba." Yana faɗa yana kwance ƙulli. Kuma ba ƙarya yake ba a ganinsa: sigari ake sha, gari kuwa ci ake yi ko shaƙa. Ma'aikacin asibitin da zai tambaye shi ko yana shan taba zai rubuta a'a, alhali tabar baki na haddasa kansar baki da ta maƙoshi. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Gidan Runji na yamma da Maraɗi, a kwarin Gulbin Maraɗi inda aka daɗe ana noman taba da rani. Can na ga nau'in taba na uku. Bayan isha'i, a wata fadar samari, shayi na kan gawayi, tukunyar shisha na zagayawa hannu zuwa hannu, ƙamshin tuffa ya cika lungu. Samarin suka ce ruwan tukunyar na tace dattin. Ba ya tacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zaman shisha na awa guda na iya kai hayaƙin sigari 100 ko fiye cikin ƙirji. Mali ta haramta ta a 2022.

Nijar na da dokar yaƙi da taba tun 15 ga Mayun 2006, wadda ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Sai dai kwalin sigari na ɗauke da gargaɗi, ƙullin ledar Gazawa ba ko harafi a jikinsa. Da gawayin shisha ya mutu a daren nan, ƙaramin cikinsu, wanda ko gemu bai fara ba, aka aika ya sayo kara uku.