Baƙin Mai Mai Raba Faɗa

Masu iya magana sun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, balle ƙarfe da ƙarfe da aka kulle cikin inji, suna kai da komo sau dubbai a minti guda. Abin da ke raba su faɗa shi ne baƙin mai, wanda kaurinsa a tsakaninsu bai kai na silin gashi ba.

Da can mutane sun zaci santsi kaɗai ne aikinsa. A 1883 wani injiniya na Ingila, Beauchamp Tower, yana gwajin mazaunin sandar ƙafar jirgin ƙasa, sai ya huda rami don ɗura mai. Da sandar ta juya, mai ya yi ta bulbulowa. Ya toshe da katako, mai ya turo katakon waje. A 1886 Osborne Reynolds ya bayyana dalilin da lissafi: juyawar sandar ce ke jawo mai cikin matsatsi, har ya sami ƙarfin ɗauke ta bisa kansa. Watau muddin ana gudu, ƙarfe ba ya taɓa ɗan'uwansa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Fistan ba ya zarcewa. In ya kai ƙarshen silinda sai ya tsaya ya juyo, a daidai inda zafi da matsi suka tsananta. Nan mai ke sirancewa, ringi ya gogi bango, shi ya sa makanike kan tarar da saman silinda ya fi cinyewa.

Ido ba ya shiga wurin, amma lissafi yana shiga. Yau injiniyoyi kan siffanta inji cikin kwamfuta, su ba ta saurin fistan da zafi da kaurin mai, ita kuwa ta bi lissafin Reynolds ta nuna inda za a yi gogayya tun ba a narka ƙarfe ba. Da haka suke auna zaɓi mai wuya: mai kauri yana tsare ƙarfe amma yana shan fetur, mai ruwa-ruwa yana rage shan fetur amma yakan kasa a wurin tsanani.

Sai dai lissafin na man da aka ƙayyade ne, mai tsabta. Wanda ya bar nasa ya tsufa, ƙura ta shige shi, ya rushe aikin masana da hannunsa, kuma aljihunsa ne zai biya.