Abin Da Muka Gani A Fadamar Kalkata

Jama'a, fatauci ya kai mu Kalkata ta ƙasar Indiya. Da muka gama cinikinmu, sai mai masaukinmu ya ce mu zo mu ga inda ƙazantar birnin take zuwa. Muka yi gabas da gari muna shirin toshe hanci. Ashe kifi za mu tarar, da gonakin kayan miya kore shar!

Fadamar ta kai hekta 12,500. Tun wajen 1930 masunta suka fara janyo ruwan kwata cikin tafkunan da suka haƙa. Ga yadda abin yake. Ruwan yakan biyo dogayen magudanai a hankali, lakar ta kwanta ƙasa. Daga nan a buɗe masa ƙofa kaɗan kaɗan, ya shiga tafki marar zurfi, wanda rana ke ratsawa. Waɗansu halittu ƙanana da ido ba ya gani su narkar da ƙazantar. Gansakuka ta sha abin da suka narkar, ta yaɗu, ta ba ruwan iskar shaƙa. Kifi kuwa ya ci gansakukar ya yi ƙiba. Hasken rana na kashe ƙwayoyin cuta masu yawa. Kainuwar da aka bari a gefe tana riƙe gaɓa, saiwoyinta na tsotse dafin ƙarfe. Ruwan da ya fita, shi ake kai wa shinkafa da lambu.

Wani injiniya, Dhrubajyoti Ghosh, shi ya yi ta faɗakar da hukuma darajar wurin, har aka sa shi cikin fadamun duniya masu kariya a 2002. Duk da haka mun ga benaye suna matsowa, masu neman fili suna cike tafki.

Nan hankalinmu ya komo gida. Kwatar Nima tana gangarawa Odaw, Odaw ta zube a tafkin Korle, ba abin da ke tace ta a hanya. Ba mu ce a zuba kifi a kwata ba, wannan aiki sai da masana. Amma dattawa da masu fili, in aka zo sayen fadamar bayan unguwa, a tuna ba wurin banza ba ce. Wanda ya cike fadama, ruwa zai biyo shi har ɗaki.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.