GUNA: HANYAR RAIRAYI DA MOTOCIN KASUWA

Guna tana cikin jihar Damagaram, a gundumar Mirya. Garin yana kudu da Mirya, kudu maso gabas da birnin Zinder. Ƙasar noma ce da kiwo. A kan tudu ana shuka hatsi, dawa, wake da gujiya. A fadama, inda ruwa ba shi da nisa, ana yin rake, rogo da kayan lambu. Makiyaya na kiwon shanu, tumaki da awaki. Amma duk wannan albarka sai ta kai kasuwa kafin ta zama kuɗi. Shi ya sa zancen mota ya shafi kowa a ƙasar Guna, har wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba.

DAGA RAƘUMI ZUWA BASHE

Zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, raƙumi da jaki ne masu ɗaukar kaya. Ayari na tashi daga Zinder zuwa Kano. Wani kuma ya keta hamada har Tarabulus. Turawan Faransa sun ci Zinder a 1899. Birnin ya riƙe hedkwatar ƙasa har 1926, sannan aka mayar da ita Yamai.

Ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya ita ce ta gaji raƙumi a karkara. A nan ana ce mata bashe. A Najeriya ana ce mata akori-kura. Dattawa ba su manta Peugeot 404 ba. Samfurin ya fito a Faransa a 1960. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyara suka yi sauƙin samuwa. Daga baya Toyota Hilux ta ƙasar Japan ta yawaita.

Hanyoyin gudron biyu ne suka fi kusa da ƙasar Guna. Ta farko ita ce hanya mai lamba 1. Tana fita daga Zinder, ta bi ta Mirya a kilomita 18, ta wuce Gure da Diffa. Ta biyu ita ce mai lamba 11. Tana yin kudu ta Dogo da Bande har Magarya. Ƙauyuka da yawa suna nesa da su duka biyun. Wanda zai je can sai ya sauka daga gudron ya shiga rairayi.

RANAR KASUWA

Lahadi kasuwar Mirya ke ci. Alhamis kuma kasuwar Dole ta Zinder ke cika. Tun asuba bashe na tsaye a bakin gari. Yaron mota na jera buhuna. A ɗora damman rake a kai. A ɗaure tumaki a gefe. Sannan mutane su hau bisa kaya. Kafin a tashi, bayan mota ya durƙusa kamar raƙumin da aka yi wa labtu.

Irin wannan mota an ƙera ta don ɗaukar kusan tan 1, watau kilo 1000. Buhu 10 ke nan masu kilo 100, ba tare da mutum ko ɗaya ba. Mutum 15 kaɗai sun kusa cika wannan nauyin. In aka haɗa buhu 15 da mutum 15, mota ta ɗauki fiye da ninki biyu na ƙarfinta.

MENE NE PON?

A ƙarƙashin bayan mota akwai wani dogon ƙarfe daga ƙafar hagu zuwa ta dama. Tsakiyarsa ta kumbura kamar tulu. Makanikai na kiransa pon. Aiki biyu gare shi. Shi ke ɗauke da nauyin kaya. Shi ne kuma ke karɓar ƙarfin inji ya raba wa ƙafafun baya.

A cikin tulun akwai ƙarafa masu haƙora da ke cizon juna, suna juyawa cikin mai mai kauri. Daga tulun sanda biyu ke fita, kowace zuwa ƙafa ɗaya. A bakin kowace sanda akwai rulma da ke sa ta juya ba gargada, da zoben roba da ke hana mai tsiyaya. In ɗaya daga cikin waɗannan ya lalace, mota ta tsaya, ko da inji lafiya lau yake.

Abokan gaban pon uku ne a hanyar Guna.

Na farko lodi. Nauyi mai yawa na cinye rulma, yana lanƙwasa ƙarfen, yana karya lam.

Na biyu rairayi. In mota ta kafe, wani direba sai ya taka wuta da ƙarfi. Ƙafa ta yi ta juyawa a banza. Da ta kama ƙasa mai tauri, sai sanda ta murɗe ta karye. Dabarar da ta fi ita ce a sauke mutane, a rage iskar taya kaɗan, a haƙe rairayi, a shimfiɗa itace, a tura.

Na uku ruwa. Da damina ana ratsa korama da tabki. Pon mai zafi in ya nutse, yakan tsotsi ruwa ta ɗan ramin numfashinsa. Man ya koma fari kamar nono. Farin mai ba ya kare haƙora, sai su cinye juna.

ALAMUN CIWO

Pon ba ya mutuwa bai yi kuka ba. In ana jin gurnani daga baya, yana ƙaruwa da gudu, rulma ne ko haƙora. In ana jin ƙwas lokacin tashi, akwai abin da ya saki. In an ga mai ya jiƙa cikin taya, zoben roba ya mutu. Wannan man na iya shiga birki ya hana shi kamawa. In tulun ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, mai ya ƙare ko ya lalace. Mafi muni shi ne rulma ta tarwatse ana cikin gudu. Ƙafar na iya fita tare da sandarta, mota ta kife da mutanen da ke bisa kaya.

INA AKE GYARA?

Kamfanin CFAO ne dillalin sabbin Toyota a Yamai. Wanda ya sayi sabuwa wurin dillali yana samun takardar garanti. In laifin daga masana'anta ne, kuma wa'adin bai ƙare ba, a gyara masa kyauta. Amma garanti ba ya biyan ɓarnar lodi. Yamai kuma kusan kilomita 900 ce daga Zinder. Yawancin motocin ƙauye tsofaffi ne, sun bi hannu da yawa, ba su da garanti. Gyaransu na hannun makanikan Zinder da Mirya.

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo na asali, mai tsada. Akwai na hannu, wanda aka ciro daga wata mota. Akwai kuma jabu, mai kyan kwali, mai gajeren rai. Da yawa daga Kano suke zuwa, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin da ya faru a nesa yakan taɓa aljihun mai bashe. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyaka, kaya suka yi wuyar zuwa.

Mai mota ya kula da abu huɗu wurin gyara. Ya tafi da tsohon ƙarfen a gwada shi da sabon. Ya sa a ƙirga haƙora, don yawansu ya bambanta daga mota zuwa mota. Ya tabbata an canja babban ƙarfe mai haƙora tare da ƙaramin abokinsa, domin tare suke aiki. Ya karɓi takarda mai kwanan wata da kuɗin da ya biya. Sandar da ta karye kuma ba a yi mata walda a mayar. Za ta sake karyewa, watakila a wurin da ya fi haɗari.

RABON MANOMI DA MAKIYAYI

In pon ya karye a daji, asarar ba ta tsaya kan mai mota ba. Tumatir ya ruɓe a rana. Rake ya bushe, ya yi araha. Rago ya galabaita, kasuwa ta watse bai isa ba. Mai naƙuda da aka ɗauko zuwa likita ta kwana a hanya.

Saboda haka fasinja ma yana da ta cewa. In mota ta cika, kada a matsa wa direba ya ƙara buhu ɗaya don zumunci. In an kafe, a sauka a tura ba gardama. Ƴan ƙungiyar manoma su haɗa kayansu, su yi shatar mota, a yi sawu biyu. Kaya mai nauyi da ba ya lalacewa, kamar hatsi, amalanke na iya kai shi bakin gudron.

Direba kuma ya duba man pon kafin damina da bayanta. Ya zuba mai kauri mai lamba 90, ba man inji ba. Ya sa tayoyin baya masu girma ɗaya. Kuɗin lita biyu ko uku na mai bai kai kuɗin sabon pon ba, balle ran mutum.

Hanyar Guna ta san raƙumi kafin ta san mota. Mai raƙumi ba ya ɗora wa dabbarsa abin da ya fi ƙarfinta, don yana son ta kai shi gobe. Mai bashe da masu hawa su yi koyi da shi. Allah ya kai kowa gida lafiya.