In Babur Ya Ƙi Tashi, a Bi Waya Tukuna

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar fita a nan Kumasi, ko a Magazin ta Suwame ko a lungunan Aboabo da Asawasi, ya san irin fuskar da mai babur yake zuwa da ita idan ya turo abin hawansa da hannu. Gumi sharkaf, rai a ɓace, kuma tun kafin a gama gaisawa ya riga ya yanke hukunci: "Baba, akwatin wuta ne ya mutu, a sa mini sabo." Mu da muka tsufa a wannan sana'a mun ji wannan magana har mun gaji, kuma sau da yawa ba a nan gizo yake saƙar ba.

Babur dai, ko moto kamar yadda muke ce masa a nan Gana, ba kayan ado ba ne a zango. Da shi ake kai burodi, da shi mahauci yake ɗauko nama, da shi ake kai yara makaranta. Samarinmu da yawa sun karɓi nasu ne bisa sharaɗin su riƙa biyan mai shi duk mako, saboda haka yini ɗaya a rumfarmu yana nufin babu kuɗin cefane, ga bashi yana jira. Shi ya sa abin yake ci mana rai idan muka ga yaro ya sayi akwati, ya sayi kwayil, ya sayi fulogi, alhali ciwon yana cikin wata 'yar waya da salatif kaɗai zai warkar.

Mun koyi aiki ne a kan ƙananan Honda, irin C50 da C70, zuriyar Super Cub ɗin nan da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, wanda zuwa 2017 an yi guda miliyan 100. Tsofaffin cikinsu volt 6 ne, kuma da kwantak suke ba da wuta. Ka leƙa ta ramin maganeto ka ga bakin kwantak yana buɗewa yana rufewa, ka goge shi, ka daidaita tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, shi ke nan. Daga wajen farkon shekarun 1980 sai akwatin CDI ya maye gurbinsa. Akwatin ya fi kwantak juriya nesa ba kusa ba, amma a rufe yake ruf, ba a ganin cikinsa, kuma abin da ido bai gani ba shi ake fara ɗora wa laifi.

To, ga yadda muke bi. Da farko a tabbata akwai mai, kuma famfonsa a buɗe yake. Kada a yi dariya, mun sha gani. Sannan a kwance fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa a jikin inji, a buga kik. Shuɗin tartsatsi mai ƙara, wuta lafiya lau, sai a koma wajen kafireta. In ja ne mai rauni, ko babu sam, a gwada wani fulogin da aka san yana aiki, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. In har yanzu shiru, a cire hular, a kusantar da bakin wayar da jikin inji. Da damina ruwa yakan kwanta cikin hular nan ya shanye wutar, kuma bakin wayar yakan yi tsatsa. A datse ɗan kaɗan a mayar.

Sai mu zo kan wayoyi, inda aikin yake. Yawancin ƙananan baburan Sin da suka cika kasuwarmu injin Honda suka kwaikwaya, har da launin wayoyinsa, ko da yake Boxer na Indiya yana da nasa tsarin dabam. A akwati mai waya biyar, baƙa mai ratsin ja ita take kawo wuta daga maganeto, shuɗiya mai ratsi tana faɗa wa akwati lokacin bugawa, baƙa mai ratsin rawaya tana zuwa kwayil, koriya tana komawa jikin ƙarfen babur. Ta biyar, baƙa mai ratsin fari, ita ce mai kashe inji, kuma ita ce 'yar banzar da ta fi cinye kuɗin mutane.

Aikinta a juye yake. Idan ka kashe makulli, ba yanke wuta yake yi ba, haɗa wannan waya yake yi da jikin ƙarfe, wutar ta zube can, inji ya mutu. Ke nan duk inda rigarta ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ruwa ya shiga makullin ya haɗa ta, babur yana ɗauka an kashe shi ne, ko da makulli yana kunne. Gwajin bai kai minti biyu ba: zare ta daga akwati, buga kik. In tartsatsi ya dawo, akwatinka ƙalau yake, bi wayar har ka ga inda ta ji ciwo. Mu wuyan babur muke fara dubawa, domin a nan damin wayoyi yake lanƙwashewa duk sa'ad da aka juya sitiyari. Babur da yake mutuwa in an karya kwana ya riga ya faɗi ciwonsa da bakinsa.

Koriya ma tana da nata makirci. Ƙurar hunturu da tsatsa suna taruwa ƙarƙashin kusoshin da suka ɗaure ta, sai ka ga fitila tana lumshewa in an danna oda, ko sigina ta kama ba wanda ya taɓa ta. A kwance, a kankare har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam.

Batir kuwa ana zaluntarsa da zargi. A irin wannan akwati wutar fulogi daga maganeto take, don haka ko batir ya mutu murus kik zai tayar da inji. Akwai dai wasu baburan da akwatinsu daga batir yake sha, su kam dole a duba shi da fiyus. Lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 a mita, in inji yana gudu ya hau kusan 14.

Ciwon da ya fi ba mu wuya shi ne na babur da yake tashi lafiya da safe, ya yi tafiya, ya mutu, in ya huce ya sake tashi. Wannan sau da yawa siririyar wayar cikin kwayil ce ko ta maganeto take rabuwa in ta ji zafi. Sai an gwada shi da zafinsa, nan take inda ya mutu. In aka bari ya huce, mita za ta ce kome lafiya.

Abu ɗaya muke roƙon samarinmu. Fiyus in ya ƙone, dalili ne ya ƙone shi. Naɗa masa takardar kwalin taba ko guntun waya ba gyara ba ne, mayar da dukan damin wayoyi fiyus ne, kuma damin nan ƙarƙashin tankin mai yake bi. Haka masu fasa waya da reza su rataya fitilu masu launi da lasifika, su murɗe da hannu su bari tsirara. Irin waɗannan baburan in sun zo mana, kafin mu taɓa kome sai mun cire duk abin da aka ƙara, mu mayar da wayoyi yadda kamfani ya tsara su, sannan mu ce wa yaron rumfa ya buga kik.